Wata da tauraro a ƙirjin ɗanki

 

Uwargida, ranar wanki mai zuwa ina so ki yi mini wani ɗan aiki. Ki ware rigunan ƙwallon yaranki gefe guda, ki ƙirga su, sannan ki ɗaga kowacce ki dubi ɗan zanen nan da ke gefen hagu na ƙirji, daidai saitin zuciya. A yawancin gidajenmu na Gwale, daga Mandawari zuwa Galadanci, daga Sani Mainagge zuwa Ɗorayi, da wuya ki rasa jesi biyu ko uku a kan igiyar shanya. Mukan sayo su a Ƙofar Wambai ko Sabon Gari don yaro ya ishe mu da naci, ga su da sauƙin wanki, ga saurin bushewa. Sai dai kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tambayar me zanen yake nufi, alhali ɗanmu yana yawo da shi tun safe har magariba, wani ma da shi yake kwana.

Wannan zanen shi ake kira tambari. Asalin kalmar sunan gangar sarauta ne, wadda idan an buga ta kowa ya san wanda ake bugawa tun kafin ya gan shi. Haka tambarin riga yake. Yana faɗin na wane ne mai sanye da ita, da abin da yake alfahari da shi, ko da bai buɗe baki ba. Yau zan ba ki labarin wani tambari da ke nan ƙofar gidanmu, na Jami'ar Bayero, wanda 'yan wasanta ke wakilta idan sun fita gasa. Ina ganin a cikinsa akwai makamin da uwa za ta riƙe a ranar da ɗanta ya ce mata ya gaji da boko, ƙwallo zai buga.

Jami'ar da ke bayan ganuwarmu

Mu mutanen Gwale mun saba da tsohuwar harabar jami'ar har mun daina ganinta. Kullum muna wuce ta a adaidaita, tsakanin Ƙofar Dukawuya da Ƙofar Kabuga. Amma ba a nan ta fara ba.

A watan Oktoba na 1960 aka buɗe wata ƙaramar kwaleji a cikin Makarantar Nazarin Larabci, wato SAS, a cikin birni, aka sa mata suna Kwalejin Ahmadu Bello. Da aka kafa jami'a a Zariya a 1962 aka ba ta sunan Sardauna, sai kwalejin Kano ta koma amsa sunan Abdullahi Bayero, Sarkin Kano daga 1926 zuwa 1953, wanda tsofaffinmu ke kira Sarki Alhaji, mahaifin marigayi Sarki Ado. A zamaninsa aka buɗe ita kanta makarantar da ta zama SAS, a 1934, a matsayin makarantar horar da alƙalai, da malamai daga Sudan.

A 1964 kwalejin ta koma wani tsohon otal kusa da filin jirgin sama, ta ɗauki ɗalibanta na farko masu neman digiri. Su goma ne kacal. A 1966 aka yaye rukunin farko, kuma digirin jami'ar Zariya suka karɓa, domin a lokacin reshenta ce. Da yaƙin basasa ya ɓarke, zama kusa da filin jirgi ya zama haɗari, sai aka dawo nan gefenmu, bayan ganuwa. A 1975 ta samu matsayin kwalejin jami'a a ƙarƙashin Dokta Mahmud Tukur, a 1977 kuma ta zama cikakkiyar jami'a, sa'ar jami'o'in Sakkwato, Maiduguri, Jos, Ilorin, Kalaba da Fatakwal. Daga baya aka gina sabuwar haraba a kan titin Gwarzo.

Ki riƙe wannan tarihin, domin shi zai fahimtar da ke tambarin. Jami'ar da aka haifa a cikin makarantar Larabci, a tsakiyar birnin malamai, ba abin mamaki ba ne idan ta zaɓi alƙalami ya yi mata zanen da za a san ta da shi.

Me ke cikin tambarin?

Abu biyu ne manya, jinjirin wata da tauraro, tare da sunan jami'ar. A bayanin da jami'ar ke yi, watan alamar lokaci ne, tunda da shi muke ƙirga kwanaki, mu san azumi, mu san salla. Tauraron kuma haske ne mai nuna hanya, irin wanda fatake da madugai ke dubawa idan dare ya yi musu a daji.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne tauraron nan rubutu ne. Haruffan Larabci aka lanƙwasa aka tsara har suka ba da siffar tauraro, kuma abin da aka rubuta shi ne taken jami'ar, wanda aka ɗauko daga ƙarshen aya ta 76 a Suratu Yusuf. Ba zan kawo miki lafazin a nan ba. Na fi so ki ɗauko Alƙur'ani da kanki, ki kira yaron, ki sa shi ya nemo wurin a juzu'i na 13 ya karanta miki. Ayar ta zo ne a daidai inda aka fito da ma'aunin sarki daga cikin kayan ƙanin Annabi Yusuf, alaihis salam, dabarar da Allah ya tsara masa don ya riƙe ɗan'uwansa a wurinsa. Saƙon da ayar ta rufe da shi kuwa shi ne duk iya sanin mutum akwai wanda ya fi shi, a haka a haka har a tuƙe ga Allah, wanda babu na sama da shi. Hausawa ma sun ce gaba da gabanta, aljani ya taka wuta.

Ki duba ki gani. Makarantu da yawa kan zaɓi take mai kirari, na cewa su ne kan gaba, su ne babu kamarsu. Wannan kuwa ta ɗauko abin da zai karya girman kan farfesa ta liƙa a ƙofarta. Kuma idan akwai wurin da wannan darasi ya fi amfani bayan aji, to filin ƙwallo ne. Yaron da ya fi kowa iya yanka a layinku zai je filin unguwar gaba ya tarar da wanda ya fi shi. Wanda ya gagari Gwale zai haɗu da na Fagge ko na Brigade ya raina kansa. Yaron da aka koya wa tun a gida cewa koyaushe akwai na gaba da shi, idan an ci su ba ya tayar da faɗa, idan sun ci ba ya zagin iyayen wasu. Mu da ke aikin jinya mun san irin raunukan da ake kawowa bayan wasan unguwa, kuma wasu daga ciki bayan an busa tashi aka ji su, da duwatsu da sanduna.

Me ya sa shuɗi?

Launin jami'ar shuɗi ne, shi za ki gani a tambarin da allunanta da takardunta. Al'adar a san jami'a da launi guda tsohuwa ce, kuma a fagen wasa ta yi ƙarfi. A Ingila jami'o'in Oxford da Cambridge sun fara tseren kwalekwale a tsakaninsu a kogin Thames a 1829. Mai kallo daga bakin kogi yana buƙatar abin da zai bambanta masa jirgi da jirgi, sai Oxford ta riƙe shuɗi mai duhu, Cambridge kuma daga 1836 ta riƙe shuɗi mai haske. Har yau ɗan wasan da ya wakilci ɗayansu a babbar karawar da suke yi, da sunan launin ake karrama shi. Wato abin da ya faro don a gane wane ne wane daga nesa, ya koma abin gado da tutiya.

Mu Kanawa kuwa ba sai an koya mana darajar shuɗi ba. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, har gobe ana tsoma yadi a karofinta da baba da toka. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta yadda rinannen yadin Kano ke kaiwa har Timbuktu da Turabulus. Turkuɗi da rawani ɗan Kura sun sa Buzaye sun san mu tun daga cikin Sahara. Saboda haka ni idan na ga ɗalibi da shuɗiyar riga mai wata da tauraro, launin garinmu nake gani, launin da kakanninmu suka ci abinci da shi. Wannan fassarata ce, amma ina ganin uwa tana da damar ta ba ɗanta ita. Yaro ya san Chelsea shuɗi ce. Ya kamata ya san garinsu ya yi suna da shuɗi ɗaruruwan shekaru kafin a kafa Chelsea a 1905.

Ingarma da linzaminsa

Jami'o'in Najeriya sun daɗe suna gasa a tsakaninsu. A 1966 aka fara wasannin NUGA a Ibadan, lokacin jami'o'in ƙasar biyar ne, kuma ana yin guje-guje da ƙwallon ƙafa da na kwando da na raga da sauransu, maza da mata. A 2018 kuma aka ƙirƙiro gasar ƙwallon ƙafa ta manyan makarantu mai suna HiFL, inda kowace jami'a ta fito da laƙabi kamar na manyan kulob. 'Yan Zariya suna amsa ABU Nobles, wato masu daraja. 'Yan Wudil suka fito da KUST Pyramids, sunan da ke tuna wa kowane Bakano dalar gyaɗa. 'Yan Maiduguri, UNIMAID Desert Warriors, mayaƙan hamada, su suka ɗauki kofin 2021. Namu na Bayero kuwa su ne BUK Stallions, ma'ana ingarmu.

Sunan ya dace da gari. Duk wanda ya tashi a Gwale ya san doki, ya ga 'yan kilisa da yamma, ya tsaya a bakin titi ranar hawan Ɗorayi. Hawan sallar Kano ma ya shiga kundin al'adun duniya na UNESCO a watan Disamba na 2024. Kuma ba mu kaɗai ke kirari da ingarma ba, ƙungiyar ƙasar Burkina Faso ma laƙabinta ke nan da Faransanci.

To amma tambayi duk mai kiwon doki. Ingarman da ba a sa wa linzami ba, mai shi yake fara kayarwa. Ɗanki ɗan shekara goma sha huɗu da ke dawowa gida da ƙura har gira, ƙarfi ne da shi kamar na ingarma, kuma Allah ne ya ba shi. Abin da ya rage shi ne lokaci da alƙibla, wato yaushe ake wasa, yaushe ake karatu, ina kuma aka dosa. Idan kin lura, abin da wata da tauraron tambarin ke nufi ke nan.

Ga inda maganar ta shafe ki kai tsaye. Babu wanda ke sa rigar ƙungiyar jami'a sai ɗalibin jami'ar. Kafin yaro ya buga wa Bayero sai ya samu kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da Lissafi, ya ci JAMB, ya tsallake tantancewar jami'a. Ƙofar wannan filin ta cikin aji ta bi.

Na san iyaye mata da yawa suna cikin wannan tsaka mai wuya. Yaro ya ga Ahmed Musa ya tashi daga Kano Pillars ya tafi Turai, ya buga gasar cin kofin duniya, sai ya ƙudurta shi ma haka zai yi. Ya fara gudun makaranta, Islamiyya ma sai an yi da gaske. Sai wani ya ɓullo ya ce shi wakili ne, a kawo kuɗin fasfo da na biza zai kai yaro gwaji ƙasar waje. Uwa ta sayar da ɗan kunnenta, ta kwashe adashinta, daga nan wayar mutumin ta daina shiga. Wanda ma ya dace ya samu kulob, sana'ar gajera ce, yawanci kafin shekara arba'in an ajiye takalmi, kuma tsinkewar jijiya guda a gwiwa tana iya rufe littafin tun ana ashirin.

Idan kika ce masa ya bar ƙwallo kwata-kwata, kin san abin da zai faru, zai riƙa ɓoye takalmin a gidan abokinsa. Gara ki nuna masa hanyar da ta haɗa biyun. Cikin 'yan wasan da suka ci wa Najeriya kofin Afirka na farko a 1980 akwai Segun Odegbami, wanda ya karanci injiniya a kwalejin kimiyya da fasaha ta Ibadan, da Adokiye Amiesimaka, wanda ya karanci shari'a a Jami'ar Legas, daga baya har ya riƙe kwamishinan shari'a na jihar Ribas. Sun buga ƙwallo har duniya ta san su, da suka ajiye kuma suna da abin komawa. Ki ce wa ɗanki, ga riga can a Kabuga, ba ta gwanjo ba ce, ba a sayenta a kasuwa, da sakamakon jarrabawa ake karɓarta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kada kuma mu mance da 'ya'ya mata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowane yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla minti 60 na motsa jiki a kullum. Binciken da ta fitar a 2019 ya nuna fiye da kashi 80 cikin 100 na matasa 'yan makaranta a duniya ba sa samun haka, kuma abin ya fi tsanani ga mata, kashi 85, a kan maza, kashi 78. 'Yarki ma tana da jiki, tana da ƙashi da zuciya masu buƙatar motsi. Ko tsallen igiya ne a tsakar gida, ko ƙwallon raga a makarantarsu ta mata cikin suturarta, ki ƙarfafa mata.

Sauran rigunan da ke kan igiya

Mu koma kan jesin da kika ware. Kowanne tambari da tarihinsa. Igwar da ke ƙirjin Arsenal ta samo asali ne daga ma'aikatan masana'antar makamai da suka kafa kulob ɗin a Landan a 1886. Na Chelsea zaki ne riƙe da sanda. Jan halittar nan mai ƙaho da mashi mai baki uku a tambarin Manchester United siffar shaiɗan ce yadda Turawa ke zana shi, daga laƙabin kulob ɗin na jajayen shaiɗanu. A saman tambarin Barcelona ta hagu akwai jan gicciye a kan fari, na wani waliyin Kirista da mutanen yankin ke girmamawa. Real Madrid ma tana da ɗan ƙaramin gicciye a saman kambinta, har ta taɓa yarda a cire shi daga kayan da ake sayarwa a wasu ƙasashen Larabawa.

Ban kawo wannan don in ce ki tara rigunan ki cinna musu wuta ba. Hukuncin sanya su na malamai ne, ki tambayi wanda kika amince da iliminsa. Nawa shi ne ki sani, yaron ma ya sani, domin su masu tambarin sun san abin da suka zana, kuma tarihin garinsu da addininsu suka sa a ciki, kamar yadda Bayero ta sa namu.

Wanda ya fi damuna ma shi ne babban rubutun tsakiyar rigar. A kan riguna da yawa sunan kamfanin caca ne. Yaro ɗan shekara takwas ya haddace sunan tun bai san ma'anarsa ba, idan ya kai sha biyar ya riƙe waya, sunan ya riga ya zame masa ɗan gida. A Ingila kanta kulob-kulob na gasar Firimiya sun amince a 2023 za su cire tallan caca daga gaban rigunansu bayan kakar 2025/26. Tun a 2006 ɗan wasan Mali Frédéric Kanouté, yana Sevilla ta Sifen, ya liƙe sunan kamfanin cacar da ke gaban rigarsa saboda addininsa. Ki ba ɗanki labarin Kanouté. Sannan idan za ki sayi jesi, ki sa a karanta miki rubutun gaban kafin ki biya.

Riga mai aya tana da haƙƙi

Tunda kin san tauraron Bayero rubutun aya ne, duk riga ko hula ko jakar da aka buga wa tambarin ta bambanta da sauran kaya. Yayyen yara da ke karatu a jami'ar suna kawo irinsu gida, idan sun tsufa a bar wa ƙanne, daga nan su koma tsumman goge ɗaki. Yadda aka tarbiyyantar da mu, ba a shiga bayi da aya, ba a jefar da ita a ƙasa. Ƙasar Saudiyya ma ba ta sassauto da tutarta ƙasa-ƙasa don makoki, saboda kalmar shahada da ke jiki. Saboda haka ki wanke irin wannan rigar daban da kayan fitsarin jarirai, ki zubar da ruwan a wuri mai tsabta, idan ta mutu kuma ki yanke tambarin ki adana kafin ki mayar da sauran tsumma. Yaron da ya ga uwarsa tana yin haka ya koyi wani abu game da girman ilimi wanda wa'azin awa guda ba zai koya masa ba.

Kaɗan daga ɓangaren lafiya

Yawancin jesi da yadin roba ake yin su. A zafin Kano na watan Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura 40, yaro ya wuni da jiƙaƙƙiyar riga a jiki hanya ce ta ƙurajen zafi da ƙyasbi. Da ya dawo daga fili ya cire, ya yi wanka, ya sa ta auduga, kada ya kwana da ita. Ki hana shi karɓa-karɓar riga da abokai, domin makero da ƙazuwa suna bin tufafi. A shanya jesi a rana ta bushe sarai. Ya tafi fili da gorar ruwansa, a kuma guji wasan tsakar rana. Idan mai sikila ne, ki tuntuɓi likitansa kan irin wasan da ya dace da shi, kuma ruwa da hutu a gare shi wajibi ne.

Akwai kuma abu guda game da launi da iyaye ba su cika sani ba. Wasu yara, galibi maza, an haife su ba sa bambance ja da kore sosai. Gado ne, yawanci ta ɓangaren uwa yake biyowa, kuma ba laifin kowa ba ne. Irin wannan yaron shi ne za ki ji ana yi wa tsawa a fili wai yana ba abokan hamayya ƙwallo, ranar da wasu suka sa ja wasu kore, ko malami ya doke shi don ya shafa wa ganye jan launi. Shuɗi kuwa yawancinsu suna ganinsa da kyau. Idan kin lura da haka, ki kai shi asibitin ido. Gwajin ba ya ɗaukar lokaci, wasu shafuka ne masu ɗige-ɗigen launi da lambobi a ɓoye a ciki, a ce ya karanta. Ba a warkar da shi, amma sanin yana da shi zai raba shi da duka, ya kuma taimaka wajen zaɓen sana'a, tunda akwai ayyuka irin su tuƙin jirgin sama da ake gwada ganin launi kafin a ɗauki mutum.

Aikin wannan mako

Abu uku nake roƙonki, kuma babu wanda zai ci miki kuɗi. Na farko, ki nemo hoton tambarin Jami'ar Bayero a wayarki, ki buɗa shi da yatsa ya yi girma, ki ce wa yaran su nemo haruffan da ke cikin tauraron. Na biyu, ku buɗe Suratu Yusuf tare ku karanta ayar, ki tambaye su wa ya fi kowa iya ƙwallo a unguwa, sannan wa ya fi shi. Na uku, ranar da kuka bi ta Kabuga, ki nuna wa ɗanki ƙofar jami'ar ki gaya masa cewa da mutum goma aka fara, kuma akwai filin wasa a ciki da ke jiran duk wanda ya ci jarrabawarsa.

Ina so in ji daga gare ku, musamman iyayen da suka samu dabarar raba wa yaro lokaci tsakanin fili da littafi, da waɗanda 'ya'yansu suka taɓa wakiltar makarantarsu a wasa. Abin da ya yi aiki a gidanki yana iya ceto ɗan wata. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba su ilimi mai amfani da lafiyar jiki, ya raba su da sharrin abokai. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, idan mai kowa mai komai ya kai mu.